Rumbun kare

Kai mai karatu, in kana da kare a gida, ko maƙwabcinka na da shi, to ka san wannan hali. An jefa ma kare ƙashi. Bai ci ba. Ya ɗauka a baki, ya tsaya yana waige-waige. Ya bi gindin danga, ya zagaya bayan rumbu, ya dawo, kamar mai neman wurin ajiyar kuɗi. Can sai ya sami wuri mai taushi. Ya gina rami, ya saka ƙashin, ya rufe. Mutanen wani wuri su ce ya binne, na wani wuri su ce ya bizne. Duk ɗaya ne.

Akwai abu guda da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Da ƙafafun gaba kare yake gina ramin, amma ba da ƙafa yake rufe shi ba. Da hanci yake rufewa. Yana tura ƙasa da hancinsa kaɗan kaɗan, yana dannawa, har wurin ya daidaita. Saboda haka in ka ga karenka ya shigo gida da ƙasa bisa hancinsa, ka san ya yi ajiya. Kar ka yarda da maganata kawai. Ka sa ido, za ka gani da kanka.

Gado ne

Ba wanda ya koya ma kare wannan aiki. Ɗauki kwikwiyo tun yana ƙarami, ka rene shi shi kaɗai, bai taɓa ganin babban kare yana binne komai ba. Ranar da ya sami abin da ya fi cikinsa, sai ka ga ya nemi wurin ɓoyewa. Abin ban dariya ma, karen da ke zaune cikin gida mai siminti, irin gidajen Yamai, yakan ajiye ƙashi a kusurwar ɗaki, ya dinga tura iska da hancinsa, alhali babu ko ƙwayar ƙasa a wurin. In ya gama sai ya tafi abinsa, hankali kwance, ga ƙashin nan a fili kowa na gani. Ka ga ke nan abin a jininsa yake.

Asalin kare naman daji ne. Masana sun tabbatar kakansa kyarkeci ne, irin na ƙasashen sanyi, mai farauta cikin garke. Zaman kare da mutum kuwa ya daɗe ƙwarai. A shekara ta 1914, a ƙasar Jamus, kusa da birnin Bon, masu fasa dutse suka tono wani tsohon kabari. Cikinsa akwai ƙasusuwan mutum biyu, mace da namiji, da na kare. Da aka auna daga baya, aka ga kabarin ya kai shekara dubu 14. A lokacin nan mutum bai fara noma ba. Bai fara kiwon tumaki ko shanu ba. Kare ne dabbar farko da ta zauna da ɗan Adam.

To, yaya rayuwar kyarkeci take? Yau ƙoshi, gobe yunwa. In garke ya kada babbar dabba, kyarkeci ɗaya na iya cin nama har kilo 9 a zama guda. Gobe da jibi da gata kuwa, wataƙila ko ɓera bai samu ba. In ya bar sauran naman a fili, tsuntsaye da sauran namun daji za su cinye kafin ya juyo. Wanda ya iya ɓoyewa shi ke tsallake kwanakin yunwa, ya rayu, ya haihu. Ƴaƴansa su gaji halin. Haka abin ya yi ta gangarowa har ya iso ga karen da ke kwance ƙofar gidanka.

Ba sai ka je ƙasashen sanyi ba. Dilan da ke dajinmu ma yana binne sauran abincinsa. A shekara ta 2015 masana suka bincike shi, suka ga ashe ya fi kusa da kyarkeci bisa yadda ake zato a da. Yanyawa tana binnewa. Kurege na ɓoye gujiya da iri cikin ƙasa, manomi ya san wannan ɓarna. Damisa ita bisa icce take rataye namanta. Tururuwa kuwa ta fi kowa, har a shekarun yunwa mutane sun tona gidanta don su sami ɗan hatsin da ta tara. Kai ma da ka gina rumbu, ka zuba damman hatsi da kaka, me ka yi? Ajiya ka yi don bazara. Rami shi ne rumbun kare.

Don me cikin ƙasa? Ƙasa ta fi sarari sanyi. Ke uwargida kin san haka, tun da kina turbuɗe gindin randa cikin rairayi mai laima don ruwa ya yi sanyi. Cikin ƙasa ƙuda ba ya samun nama da sauƙi ya yi ƙwai a kansa. Angulu da shirwa da hankaka ba su gani. Warin ma yana raguwa. Amma ƙasa ba ta hana ruɓewa, jinkirta shi kawai take yi. Da damina, ƙasa na da laima da ɗumi, nama na lalacewa nan da nan.

In ya tashi nema, abu biyu ke taimakonsa. Yana tuna wurin, kuma yana da hanci. Cikin hancin mutum akwai ƴan ƙananan abubuwan jin wari kamar miliyan 5 ko 6. Na kare sun fi miliyan 200. Duk da haka ba kowace ajiya yake komawa gare ta ba. Wata ya manta, wata ba ya bukata. Shi ya sa mai sharar gida ko mai haƙar garka yake yawan tono tsofaffin ƙasusuwa.

Mai ƙoshi ma yana yi

Za ka ce: nawa karen ba ya kwana da yunwa, to me ya sa? Sau da yawa ƙoshin ne ya kawo haka. Kare mai yunwa ba ya ajiya, cinyewa yake yi nan take. Sai an ba shi abin da ya fi cikinsa yake binne saura. Ka lura da lokacin da ramu ke yawa cikin gida: bayan suna, bayan biki, bayan Layya.

Wani lokaci kuma tsoro ne. Karnuka biyu ko uku na ci a kwano ɗaya, babba na ƙwace na ƙarami. Kaji na kai baki, akuya na turo kai, yara na tsokana. Ƙaramin sai ya cika baki ya gudu, ya ɓoye, ya jira dare. Karen da ya taɓa shan wahala a titi, aka ɗauko shi aka riƙe, yakan daɗe da wannan hali ko da yanzu abinci ya wadata.

Akwai kuma zaman banza. Karen da aka ɗaure da sarƙa dare da rana, ba farauta, ba bin garke, ba zuwa gona, dole ya nemi abin yi. Gina rami na cikin abin da ya rage masa.

Ba abinci kaɗai yake ɓoyewa ba. Takalmi, tsumma, ludayi, ƙwallon yara, ɗiyar roba, duk abin da ya yi masa daɗin tauna ko yake ɗauke da warin mai gidansa. Hausawa sun ce in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ba su faɗi inda yake kaiwa ba. Duba bayan rumbu. A Turai da Amurka, inda ake sayen ma karnuka kayan wasa da biskit nasu na kansu, masu karnuka suna kukan abu ɗaya da kai: kare ya cusa biskit ƙarƙashin matashin kai, ya tura ƙwallo bayan kujera, ya tone musu furanni. Can ma wanda aka tara ma kayan wasa da yawa shi ya fi ɓoyewa.

Ba kowane rami ne rumbu ba

Kafin ka nemi magani, ka san irin ramin. Ramin ajiya ƙarami ne, kuma a rufe yake. In ka ga rami mai faɗi, marar zurfi, a buɗe, gindin icce ko kusa da randa ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, wannan na kwanciya ne. A watan Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45 a Tawa da Yamai. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi. Sai ya kankare ƙasar sama mai zafi, ya shimfiɗa cikinsa bisa ta ƙasa mai sanyi. Karen Azawak, dogon nan siriri na makiyayan arewacin Tawa, wanda aka fara kai irinsa Turai cikin shekarun 1970, gwani ne wajen wannan. Maganin irin wannan rami inuwa ne da ruwan sha. Ba laifi ya yi ba.

In kuwa karya ce take gina rami mai zurfi ƙarƙashin rumbu ko gindin katanga, lissafa kwanaki. Cikin karya kwana 63 ne, ko kusa da haka. Wurin haihuwa take shiryawa. Wata ma ba ta da ciki, amma jikinta ya ruɗe ta, nono ya kawo, ta tara takalma da tsummoki ta kwanta kansu kamar ƴaƴa. Wannan yakan wuce da kansa cikin sati biyu ko uku.

Ina cutar take?

In ƙashi ɗaya ne bayan gida, ba komai. Bar shi. Amma akwai wuraren da abin ke zama ɓarna, akwai ma inda yake kai ga rai.

Mai garka ya fi kowa sani. Ka yi fangali, ka zuba taki, ka ba da ruwa, ka dasa albasa ko salati ko tumatir. Ƙasa ta yi taushi da sanyi. A idon kare ka gyara masa wurin ajiya ne. Dare ɗaya ya tone maka irin da ka yi sati uku kana reno. Haka gindin katangar ƙasa: rami ƙarami ne da rani, da damina ruwa ya taru ciki, ya ci gindin ginin.

Wanda ya fi wannan shi ne cizo. Abin da kare ya binne, nasa ne, yana tsaronsa. Yara kuwa cikin ƙasa suke wasa. Yaro ya tono ƙashi bai san na kowa ba ne, ko ya rarrafa ya nufi wurin. Karen da bai taɓa cizon kowa ba sai ya kai masa baki. Yaro gajere ne, cizon a fuska ko a hannu yake samunsa. Ka koya ma ƴaƴanka alamun nan: kare ya sandare, ya sa kansa bisa abin, yana kallo ta gefen ido, yana gurnani, ya ɗaga leɓe. Gargaɗi ne. A ja da baya sannu, ba da gudu ba. Kuma kar ka doki kare don ya yi gurnani. In ka hana shi gargaɗi, gobe sai ya yi cizo ba sanarwa.

In an yi cizo, ko ƙarami ne, ko karen gida ne, ga abin yi. A wanke wurin da ruwa da sabulu, ana zuba ruwa ana cuɗawa, har minti 15. Ka duba agogo, minti 15 na da tsawo, kar a gajarta. Kar a sa toka, ko ƙasa, ko gashin karen. Daga nan a tafi likita ranar nan, ba gobe ba. Dalili shi ne haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta wannan ciwo na kashe mutum kamar dubu 59 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin 10, kamar 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, kusan ba mai tashi. Amma in an yi allura da wuri, kafin alamu, ana tsira. Allurar ba sabuwa ba ce. Tun shekara ta 1885 wani masani Bafaranshe, Luwi Pastar, ya fara yin ta ga wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, kuma yaron ya rayu. Karen da ya yi cizon, in ana iyawa ba tare da haɗari ba, a tsare shi, a sanar da likitan dabbobi, a sa masa ido kwana 10 zuwa 15 yadda likitan ya ce. Amma wanda aka ciza ba ya jiran kwanakin nan kafin ya je likita.

Ga wani tarko da ya kamata ka sani. Wani irin haukan kare ba ya sa dabba gudu da cizo. Sai ka ga kare ya yi shiru, baki a sake, miyau na zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ce: ai ƙashin nan da ya tono ne ya maƙale masa a wuya. Sai ya sa hannu cikin bakin yana lalube. Kar ka yi haka. Cutar cikin miyau take, ƙaramin ƙwarzane a yatsa ya isa. Kira likitan dabbobi.

Ranar Layya

A nan ne nake so ka tsaya da kyau, don nan ne muka fi sakaci. An yanka, an feɗe, an kafa raguna jikin icce kewaye da wuta. Mata na gyaran kayan ciki. Sai a ga wani ƙullutu a jikin hanta ko huhu, fari, cike da ruwa kamar ƙaramar jaka. Kowa ya san ba a cin wannan. A yanke, a jefa ma kare. Shi kuwa ya ci wani, ya binne wani don gobe.

Jakar ruwan nan ƴaƴan tsila ne a cikinta. In kare ya ci, sai su girma cikin hanjinsa. Wata irin tsilar ƙarama ce ƙwarai, da kyar ta kai tsawon ƙwayar shinkafa, kuma kare na iya ɗauke da dubbanta bai nuna ciwo ba. Ƙwanta na fita cikin kashinsa. Ido ba ya ganin ƙwan. Yana maƙalewa a gashin kare, a ciyawa, a ganyen salati, a ƙasar da yara ke wasa. Tunkiya ta ci ciyawar, jakar ruwa ta fito mata a hanta. Yaro ya shafa kare, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, jakar ta fito masa shi ma, a hanta ko a huhu. Tana girma sannu, shekara da shekaru, ba a sani ba. Ranar da ta bayyana, sau da yawa sai an yi aiki a babban asibiti. Ka ga zagayen: daga rago zuwa kare, daga kare zuwa rago da mutum. Mutum ba ya ɗaukar ta daga cin naman rago. Ta hanyar kare take zuwa. Mu ne kuwa muke miƙa ma karen da hannunmu.

Yanke zagayen ba shi da tsada. Duk yankin da ke da jakar ruwa, jefa shi cikin wuta. Ranar nan ai wuta ba ta ƙaranci. In ba a ƙone ba, a gina rami mai zurfi, ya kai mita 1, nesa da rijiya, a zuba, a rufe, a danne da duwatsu ko ƙaya. Ramin da bai wuce kamu ɗaya ba, kai ka binne, kare ya tone kafin asuba. Sauran kayan cikin da kake so ka ba kare, tafasa su tukuna, minti 30 ko fiye. Mahauta ma haka ya kamata su yi kowace ranar kasuwa, don bakin mahauta ne karnukan gari ke taruwa. Sa'an nan ka nemi maganin tsutsa wurin likitan dabbobi. Inda cutar take, shawarar OMS ita ce a ba kare aƙalla sau 4 a shekara.

Mushe ma haka. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kar a feɗe ta, kar a bar ma karnuka. Akwai cutar da ƙwayoyinta ke zaman shekaru masu yawa cikin ƙasa suna jiran wata dabba, kuma tana kama mutum. Kare ya ja ƙafa guda ya kawo gida ya binne, ya shuka maka cuta a tsakar gida. A sanar da ma'aikatan kiwo. A ƙone mushen, ko a binne shi da zurfin mita 2. Da can angulu na share mushe cikin yini ɗaya. Yanzu angulu ta ragu ƙwarai a ƙasashenmu, karnuka ne suka gaji aikin, kuma su gida suke kwana.

Yadda za ka rage halin

Ba za ka cire shi gaba ɗaya ba. Hali zanen dutse ne. Amma kana iya rage shi, kuma ka zaɓa masa wuri.

Fara da kwano. Ba kare abinci daidai cikinsa, a kwanonsa na kansa, a lokaci sananne. Babban kare sau 2 a yini ya isa, safe da marece. Kwikwiyo sau 3 ko 4. Ajiye masa, ka ba shi kamar minti 15. Abin da ya rage, ɗauke. In kullum yana ragewa, ka san kana zuba masa da yawa, sai ka rage. Karen da ya tabbata abinci na zuwa kowace safiya da kowane marece, kuma ba saura a gabansa, ba shi da abin binnewa. In karnukan sun fi ɗaya, raba musu kwano, ka nisanta su, kowa ya ci nasa. Kore kaji, hana yara zuwa wurin. Kuma ka rage ba shi miya mai albasa da yawa. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, in ta yi yawa tana lalata jinin kare.

Maganar ƙashi. Ƙashin da aka dafa ko aka gasa ko aka soya yana tsagewa kamar tsinke, musamman na kaza da na zabo. Yana iya maƙalewa a wuya ko ya huda hanji. In za ka ba shi, ba shi babba wanda ba zai iya haɗiyewa ba, guda ɗaya, ba tuli ba. Ba shi lokacin da kake zaune kana gani. In ya gaji da tauna, ya miƙe da shi a baki yana waige-waige, lokacin karɓa ya yi. Amma kar ka fizge. Yi musanya. Jefa masa ɗan guntun nama ko lomar tuwo can nesa. In ya saki ƙashin ya bi, sai ka ɗauke. Babba ke yin wannan, ba yaro ba. In ka saba masa haka, zai gane zuwanka kusa da abincinsa alheri ne, ba ƙwace ba, sai tsaron ya ragu.

Kayan wasa ma kar su yi yawa. Ɗaya ko biyu a waje, sauran a ajiye, bayan kwana kaɗan a canza. Tsohuwar igiya mai kauri da aka ƙulla ta isa. Kar ka ba shi tsohon takalmi ya tauna, don bai san bambancin tsoho da na salla ba. Takalman gida kuwa a ɗora su bisa, ko a shigar da su ɗaki da dare.

In kana da fili, ba shi wurinsa. Zaɓi kusurwa guda mai inuwa, nesa da inda yara ke wasa, nesa da rijiya da madafa. Sassauta ƙasar, ko ka zuba rairayi. Turbuɗe masa wani abu a ciki yana gani, ka bar shi ya tono, ka yaba masa da murya mai daɗi. In ka kama shi yana gina wani wuri, ce masa a'a, ka kira shi zuwa nasa. Sau da yawa za ka maimaita, kar ka gaji. Tsofaffin ramun kuwa, kwashe abin da ke ciki, cika su da duwatsu, ka rufe. Garka sai shinge. Ƙaya mai kauri, a danne gindinta sosai, don kare ta ƙasa yake shiga, ba ta sama ba.

Duka fa? Ba ya magani. Ka dawo daga kasuwa ka tarar da ramin da aka gina tun hantsi, ka ɗauki sanda. Kare bai san don me kake dukansa ba. Ba ya haɗa dukan yanzu da aikin ɗazu. Abin da zai koya shi ne kai abin tsoro ne, sai ya ƙara nisa da ajiyarsa, ya ƙara tsaronta. Masu zuba barkono cikin rami ma wahalar banza suke. Su ƙona masa hanci da ido, shi kuwa ya matsa taki biyu ya gina wani. Abin da ya fi sanda shi ne gajiya. Tafi da shi gona, bar shi ya bi awaki, kwance shi daga sarƙa safe da marece. Karen da ya yini yana aiki, barci yake yi da dare.

Abu ɗaya ya rage. In karen da ya saba cinye abincinsa ya fara tura kwano da hanci, yana rufe tuwon da ƙasa bai ci ko loma ba, yini biyu a jere, wannan ba ajiya ba ce. Wataƙila cikinsa ne, ko haƙori, ko zazzaɓi. Kai shi wurin likitan dabbobi. In ka je, tambaya a yi masa allurar haukan kare, a ba ka takarda, ka ajiye ta tare da takardun gida. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, tun shekara ta 2007. In an yi ma karnuka 7 cikin 10 allura a gari, ciwon ba ya samun hanyar yawo.

Aiki

Ɗauki kayenka da bik. Rubuta abubuwa uku da ake yi, bi da bi, in kare ya ciji yaro. Sa'an nan yi wannan lissafi: karya ta ɗauki ciki ranar 1 ga Maris, wace rana kwana 63 za su cika? Maris na da kwana 31, Afrilu 30. Daga ƙarshe ku tattauna cikin aji: a garinku, ina ake zubar da kayan cikin da ba a ci ranar kasuwa, kuma wa ya kamata a yi ma magana?